Babur Marar Burki da Alhakin Ɗan Kallo

Akwai wani irin babur da ba shi da burki. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi, dokar wasan ma ta hana a sa masa. Giyarsa ɗaya, ƙarfin injinsa cc 500, kuma ba ya shan fetur sai wani mai da ake kira metanol. Mutum huɗu ke jeruwa a bakin zare, a zagayayyen filin da tsawonsa bai kai rabin kilomita ba. Da an ɗage zaren sai su zabura, su kewaya sau huɗu ta hannun hagu, cikin minti ɗaya ko kusa da haka an gama. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Idan an zo kwana, tunda ba abin takawa, sai mahayi ya karkatar da babur, ya jefa tayar baya gefe tana feshin ƙasa, ƙafarsa ta hagu mai takalmin ƙarfe tana gogar fili. Turawa na kiran wasan sifidwe.

Wasan ya tsufa. A 1936 aka yi gasar duniya ta farko a filin Wembli da ke Landan, wani ɗan Ostareliya mai suna Lionel Van Praag ya lashe. Har zuwa 1994 a dare ɗaya ake fitar da gwani. Daga 1995 hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta mayar da abin zagaye-zagaye a ƙasashe daban-daban, a yi ta tara maki har ƙarshen shekara, kuma har gobe akwai dattawan 'yan kallo da ba su yafe wannan canji ba. Yau ƙasar Folan ce uwar wasan, ɗanta Bartosz Zmarzlik kuma shi ne dodonsa: daga 2019 zuwa 2024 sau ɗaya kawai kambun ya kuɓuce masa, a 2021.

Mu nan Dutsin-Ma ba wanda zai buɗe gidan kallo don wannan, ƙwallon Turai ta riga ta cinye gidajen. Ta waya abin ya shigo mana, kuma inda ya fi samun masoya shi ne rumfunan gyaran babur. Ƙanena bakanike ne. Ni kuwa koyarwa nake yi, kullum ina kan hanya tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma a kan tsohon Bajaj ɗina, don haka zama a rumfarsa ya zame mini dole. Yaran da ke koyon aiki a wurinsa sun san Zmarzlik, ko da yake kowa da yadda yake karya sunan. Suna da ra'ayi a kan alƙalan wasan, da masu shirya shi, da wanda aka zalunta. Gardamar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda muka yi a kan wani dare a birnin Warso.

Ranar 18 ga Afrilu 2015 aka buɗe gasar shekarar a babban filin wasa na ƙasar Folan. Filin ƙwallo ne, sai aka kwaso ƙasa aka shimfiɗa hanyar tsere ta wucin gadi a ciki. Mutum sama da 50,000 suka cika shi. Na'urar da ke ɗage zare ta ƙi aiki, aka koma tashi da fitila. Ƙasar kuma ba ta zauna ba, ta yi ta tonuwa tana yin ramuka, mahaya suna faɗuwa. Bayan tsere na 12 mahayan suka haɗa kai suka ce ba za su ƙara fita ba. Aka tsayar da wasa, aka ba Matej Žagar ɗan Silobeniya nasara da makin da ya riga ya tara, jama'a suka watse rai a ɓace.

Ƙanena ya ajiye sifana ya ce, "Yaya, mutum ya biya kuɗinsa, ya taso daga wani gari, sannan a ce masa an fasa? Ai wanda ya yarda ya hau babur ba burki ya riga ya sayar da ransa. In tsoro yake ji ya koma gona."

Yaran suka ce ƙwarai kuwa. Ni ban ce ƙwarai ba, ban kuma ce masa bai da gaskiya baki ɗaya ba, domin fushin da yake yi wa mutanen Warso wakilci iri biyu ne. Na farko a kan masu shirya wasa yake, kuma halal ne. Wanda ya karɓi kuɗin jama'a da alkawarin zai nuna musu tsere, bai gyara fili ba, bai gwada na'urarsa ba, ya ci amana. Ciniki aka yi, an biya, ba a ba da kaya ba. Duk ɗan kallon da ya ɗaga murya a kan wannan haƙƙinsa yake nema, kuma mai shugabanci da ya toshe kunne shi ya ƙara laifi kan laifi. Fushi na biyu shi ne wanda ya juya kan mahayan, don sun ƙi fita su karye. Wannan ne nake tuhuma.

Shin mutum yana iya sayar da ransa? A aya ɗaya, ta 29 a Suratun Nisa'i, Allah ya halatta ciniki bisa yardar juna, ya kuma hana mu kashe kawunanmu. Na daɗe ina mamakin haɗuwar hukuncin nan biyu a wuri guda. Abin da na fahimta shi ne yarda tana halatta dukiyar wani, amma ikonta bai kai ga rai ba, domin ran ajiya ce a hannun mai shi. Idan kuwa mahayi ba shi da ikon sayarwa, to ɗan kallo bai saya ba, ko nawa ya biya a ƙofa. Tikitinsa ya saya masa ganin gwaninta. Wuyan mahayi ba ya cikin cinikin.

Nan take ƙanena ya kama ni: "To ke nan wasan duka haramun ne, Yaya?" A'a. Malaman fiƙihu na Shafi'iyya da Hanafiyya sun yi magana a kan wasanni masu hatsari irin su tafiya a kan igiya, suka ce sun halatta ga gwanin da aka fi zaton zai kuɓuta lafiya. Suka ƙara da wani abu mai nauyi: a wannan hali ne kallonsu ma yake halatta. Wato hukuncin mai kallo a ɗaure yake da hukuncin mai wasa. Akwai hatsarin da ƙwarewa ke rinjaya, kamar shiga kwana ba burki ga wanda ya fara koyo tun yana yaro. Akwai kuma wanda ba ƙwarewar da za ta rinjaye shi, kamar ramin da ya buɗe a tsakiyar kwana. A daren Warso, lokacin da gwanayen duniya da bakinsu suka ce zaton kuɓuta ya kau, hukunci ya sauya a kansu, ya kuma sauya a kan duk wanda ke zaune a kujera yana cewa a ci gaba.

Wata huɗu bayan wannan dare, a watan Agusta na 2015, Darcy Ward, ɗan Ostareliya mai shekara 23 wanda kowa ke yi wa hasashen kambun duniya, ya faɗi a wani wasa a garin Zielona Góra. Lakarsa ta taɓu, tun daga ranar yake kan keken guragu. A 2012 Lee Richardson ɗan Ingila ya rasu bayan faɗuwa a Wrocław. Duk wannan fa a wasan da ke da hular kwano, da katangar da ake hura wa iska don tare wanda ya faɗi, da likita a bakin fili, da alƙali mai jar fitila wanda da ya kunna ta kowa zai tsaya. Mahayan da suka ƙi fita a Warso sun san waɗannan sunaye fiye da mu, abokan aikinsu ne.

To bari in dawo gida, domin ba don Folan nake rubutu ba. Mu ma muna da tseren babur, sai dai namu ba shi da fili, ba shi da alƙali, ba shi da suna a takarda. Ranar ɗaurin aure yake fitowa, ko ranar kai amarya, ko yammacin Sallah. Duk wanda ke bin hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya san shi. Za ka hangi ƙura tukuna, sannan ƙarar baburan da aka cire wa salansa. Ga su nan garke guda, sun cike titi hannu biyu. Wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya miƙe tsaye a kan sirdi ya saki hannu, wani ya kwanta rub da ciki ya miƙe ƙafafu baya, wani yana gogar kwalta da jak don tartsatsi ya tashi. Ba hular kwano ko ɗaya. Tun ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ce a tilasta sa hular, har aka ga wasu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don gudun kamu. Yau ko ƙwaryar ba mai sawa.

Abin da na fi lura da shi a wurin nan ba mahayan ba ne, mu ne da ke gefen titi. Na sha ganin yaro ɗaya yana tafiya salin-alin a hanyar da ba kowa, wajen Birchi ko gaba, hannunsa biyu a kan kai. Da ya doso inda majalisa take, ko inda 'yan mata suka taru, sai ka ji ya murza totur. "Ba ta wuta!" "Sai kai, ɗan gari!" Wayoyi sun tashi sama ana ɗauka. Gobe wanda ya ga hoton abokinsa ya zagaya, shi ma sai ya nemi abin da ya fi shi. A Warso akwai wanda aikinsa ne ya ce ya isa. A titinmu ba kowa, don haka taron ne alƙali, shi ke ba da maki, kuma makinsa ƙa'ida ɗaya ce da shi: wanda ya fi kusantar mutuwa shi ya ci. Hausawa sun daɗe da sanin wannan aiki, ingiza mai kantu ruwa.

Wani ɗalibina da na koyar a ajin ƙarshe na sakandare, yaro mai natsuwa wanda lissafi ke zama masa a kai, ya bi ayarin kai amaryar abokinsa. Ya ɗaga gaba a bakin wata kwana, tayar baya ta hau yashin da ruwa ya kwaso kan kwalta. Ba shi kaɗai ya faɗi ba, ya haɗa da wata yarinya mai tallar gyaɗa da ke tsaye a gefe. Shi aka yi Katsina da shi, bai kai ba. Ita kuma mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, har yau tana ɗingishi. Hoton faɗuwar ya riga labarin rasuwar isa Kurfi, kuma a cikin hoton kana jin muryoyin da ke cewa ya ƙara.

A wurin ta'aziyya na ga wasu daga cikin masu muryoyin. Sun zo da hawayensu na gaskiya, ban yi shakka ba. Abin da kowa ke faɗi shi ne kwana ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Maganar daidai ce, kuma ita ce abin da ya kamata a gaya wa mahaifin da ke zaune a kan tabarma. Amma ƙaddara magani ce ga zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba a saukar da ita don ta wanke hannun wanda ya yi sanadi ba. Da tana wankewa, da ba a shar'anta diyya a kisan kuskure ba, tunda shi ma wanda aka kashe bisa kuskure kwanansa ne ya ƙare. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna musu cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Yin shiru a gefen titi maimakon ihu, shi ma da ya zama ƙaddara da mun zaɓe shi.

Na kai maganar ga wani dattijon malami a Kurfi wanda na yi karatun zaure a wurinsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ɗan kallo yana da wani matsayi a shari'a kuwa, ko dai ido ne kawai?"

Ya ce in ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ba zauren da babu shi a ƙasar Hausa, ya buɗe mini wajen ƙarshe inda ake maganar tsere. A nan an kawo ra'ayin Imam Malik a kan kyautar gasa. Ba a yarda mutum biyu su zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe ba, wannan caca ce. Abin da ya halatta shi ne ɗaya ya fitar da kyauta: in wani ya riga shi ya ɗauka, in shi ya zo na ɗaya ta koma ga mai bi masa. Idan kuwa su biyu ne kacal, mai kyautar kuma ya yi nasara, to waɗanda suka halarci wurin su ne za su ci ta. Malam ya rufe littafin ya ce, "Ka gani, ɗana? Shari'a ta ƙirga su. Wanda aka ƙirga a wajen rabo, kana zaton ba za a ƙirga shi a wajen tambaya ba?"

Daga nan ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya shirya tseren dawaki a Madina. Abdullahi ɗan Umar, wanda yana cikin mahayan, shi ya ruwaito yadda aka yi. Dawakin da aka horar aka sa musu nisa daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, mil biyar ko shida. Waɗanda ba a horar ba aka rage musu, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil ɗaya. Duba abin da ke cikin wannan: an san mafari, an san matsaya, an raba gwani da ɗan koyo, kuma shugaban al'umma bai ga abin ya yi masa ƙanƙanta ba. Masu cewa addini ba ruwansa da wasa, da masu cewa addini ya haramta shi, duk ba su tsaya a kan hadisin nan ba. Addini shiga ya yi cikin tseren ya tsara shi.

Akwai kuma hani biyu da suka zo a kan tsere. An hana mahayi ya jawo wani doki a gefe don ya sauya in nasa ya gaji. An kuma hana a sa wani ya bi bayan doki yana yi masa tsawa don ya ƙara gudu. Asalin hanin don adalci ne tsakanin mahaya, amma yana nuna an san cewa ihu yana da aiki a jikin mai gudu, yana fitar da abin da da bai fito ba. A babin lamuni kuma Risala ta ce mai hawa dabba da mai jan ta da mai kora ta suna ɗaukar alhakin abin da ta taka, malamai kuma sun yi magana a kan wanda ya zunguri dabbar da wani ke kai har ta yi ɓarna, suka ɗora masa lamunin. Ba fatawa nake bayarwa cewa mai ihu zai biya diyya ba, wannan aikin alƙalai ne. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, in zungurar doki da sanda tana jawo alhaki, mene ne matsayin zungurar yaro ɗan shekara 19 da kirari a gaban budurwarsa?

Wani labarin da Malam ya ƙara mini ya shafi zuciyar mai goyon baya. Annabi yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba. Wata rana wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi ciwo, har ya ga alamar a fuskokinsu. Sai ya sanar da su cewa Allah ya ɗaukar wa kansa kada wani abu na duniya ya ɗaukaka face ya sauke shi. Bai ce a sake tseren ba, bai ce baƙon ya yi maguɗi ba, bai kuma tsawata musu don sun so taguwarsa ba. Sahabbai ma sun ji abin da mai goyon baya ke ji. Abin da aka gyara musu shi ne yadda za su ɗauki faɗuwar gwaninsu. Mai goyon bayan da bai koyi wannan ba shi ne yake tura gwaninsa ya shiga kwanar da bai kamata ba, don kada a ce an wuce ɗan unguwarsu.

Mu Katsinawa bai kamata a koya mana tsara gudu ba. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da har yau ake misali da shi. Folo wasa ne da ake karyewa a cikinsa, amma yana da fili, da alƙali, da dokar da ta hana ka gitta wa wanda ke kan layin ƙwallo. Hawan Sallah ma haka: kowane hakimi da gurbinsa a jeri, 'Yandaka daga Dutsin-Ma da nasa, Maraɗi daga Kurfi da nasa, ga dogarai suna mayar da jama'a baya kafin mahaya su zaburo jafi. Doki ya samu ɗaruruwan shekaru ana gina masa ladabi. Babur ya shigo jiya, ya gaji sukuwar, bai gaji dogaran ba. Samarin da ke ɗaga taya a rakiyar ango, abin da kakanninsu ke yi da linzami suke kwaikwayo, kuma sha'awar ba abin kunya ba ce.

Akwai kuma wani nauyi da babur ya ɗauka a wannan yanki wanda mutumin Folan bai san shi ba. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaro da ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta hana ɗaukar mutum uku a babur, ta hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki. Duk mun san dalili: a kan babura 'yan bindiga ke zuwa. Tun daga shekarun nan, a ƙauyukanmu na yamma da suka yi iyaka da Safana da Batsari, ƙarar babura da yawa lokaci guda tana sa mace ta suri goyonta ta yi daji kafin ta tambayi ko su wane ne. Ayarin biki da ya ratsa irin wannan ƙauye da magariba ba salansa, murna yake yi, amma abin da ya bari a baya firgici ne, kuma hadisi ya hana firgita Musulmi ko da wasa. Kowa a filin Warso da ƙafarsa ya je. Matar nan da yarinya mai gyaɗa ba wanda ya tambaye su.

Dokar hani kaɗai ba ta taɓa kashe wannan wasa ba, tana dai kora shi daga cikin gari zuwa hanyar da ba jami'i. Shi ya sa na fi karkata ga tsari, ko da yake na san tsari ma yana da nasa ciwon. A watan Satumba 2023, a garin Vojens na Denmak, alƙalai suka hana Zmarzlik shiga wasan dare ɗaya cur, shi da ke kan gaba a duniya, don ya sa rigar da ba ta cika ƙa'ida ba a lokacin gwaji. Yaran rumfar ƙanena har yau suna jin haushin wannan, ni ma ina ganin hukuncin ya fi laifin girma, kuma 'yan kallon da suka soki hukumar sun yi daidai da suka soke ta. Ya dai ci kambun shekarar a zagayen ƙarshe a Toruń. Amma na ce musu su lura da abu ɗaya: hukumar da ke iya cewa gwanin duniya ya zauna, ita ce ke iya kunna jar fitila in yaro ya faɗi a kwana, kowa ya tsaya. Da shugabancin da za mu yi ta gardama da shi, da rashin shugabanci gaba ɗaya, na zaɓi gardamar.

Fili ba ya ƙaranci a tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, da rani ga fako nan ko'ina. Bakanikai muna da su, masu sha'awa sun yi yawa, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Isa Kaita cike da matasan da za su cika wurin. Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙe jar fitila, samari kuma su ji maganarsa. Ɗan sanda gudunsa za su yi, malami za su gaishe shi su wuce. Waɗanda na ga suna iya tsayar da mai babur da magana ɗaya su ne shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa, domin su ke iya hana mutum lodi a tasha, sai kuma masu garejin da yaran ke koyon aiki a hannunsu. Ƙanena yana da yara a ƙarƙashinsa, kuma baburan da ake ɗaga wa taya a bikin unguwarsu, shi ke cire musu salansa ya ƙara musu wuta ranar jajibirin biki. Na gaya masa haka a gaban yaran.

Ya yi shiru yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "In na ƙi, Yaya, rumfar gaba za su kai." Gaskiya ya faɗa. Don haka muka yi da shi cewa ranar Laraba, in an tashi kasuwa bakanikan garin sun taru shan shayi, zan zo, shi zai fara magana, ni in kawo musu abin da Malam ya nuna mini a Risala.